Uban Likita

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya cika ranar wata Laraba da sassafe, aka kai shi makwancinsa kafin azahar, kuma tun daga ranar layinmu a Gummi bai sake samun hanyar wucewa ba sai bayan sadakar bakwai. Masu babura sauka suke yi su tura. An shimfiɗa tabarmi tun daga zaurenmu har gindin dogonyaron maƙwabta, aka aro na masallaci, duk da haka wasu a kan takalmansu suka zauna.

Mutanen Anka sun zo mota guda, na Bukkuyum sun zo, na Zugu kuwa a kan babura, ƙafafu duk taɓo don damina ce. Kowa da nasa Baban ya zo. Wani mai furfura ya ce Hedimasta ne ya koya masa riƙon fensir, ga shi yanzu shi ke sa hannu a takardun ƙaramar hukuma. Wata tsohuwa daga Zugu ta ƙi wucewa wurin mata, ta tsaya a bakin zaure ta ɗaga murya: "Allah shi jiƙai nai! Da ba don shi ba, da ɗana shina can daji shina bin shanun mutane." Aka shafa, aka ba ta hanya.

Sai wani dattijo daga Anka, da babbar riga da carbi mai tsada, ya kama hannuna yana girgizawa, idonsa kuwa yana bisa kafaɗata yana neman wani.

"Samari, ina ɗan nai? Ina Likita?"

Na nuna masa. Ya saki hannuna ya je ya rungume Likita, ya daɗe yana ba shi haƙuri, yana cewa uba irin wannan ba a samun na biyu. Likita yana kuka, ana riƙe shi. Ni kuwa na koma na ci gaba da miƙa wa baƙi buta.

Dalilin wannan rubutu ke nan, ko in ce rabinsa. Rabi ɗaya don kada a manta da Baba, domin garin nan saurin mantuwa gare shi. Ɗaya rabin kuwa don in sanar da masu ta'aziyya cewa ni ne ɗan farin Hedimasta. Likita ɗan ƙanensa ne. Baffa ya rasu a Zugu muna 'yan aji biyu, Baba ya je ya ɗauko yaron a bayan keke, ya sauke shi a tsakar gidanmu ya ce da Inna, "Ga ɗanki." Tun daga ranar na yi ɗan'uwa, kuma tun daga ranar nake jin wani abu a ƙarƙashin haƙarƙarina da har yau bai sauka ba. Kishi ne, ba sai an tayar da malami ya duba mini ba.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba sai na yi masa bayani. Kakarmu Bafulatana ce, ita ta rene shi a kan kunya, irin wadda uba ba ya kallon ɗan farinsa ido cikin ido, ba ya yabonsa, ba ya zama da shi a tabarma ɗaya. Aka kuma ƙara mini da sunan mahaifinsa, sai sunan ya haramta a bakinsa gaba ɗaya. "Kai wanga" yake ce mini in ina kusa, "wancan" in yana maganata da wani. Ɗan ƙanensa kuwa babu wannan shamaki a tsakaninsu. Zai kira shi da suna tun daga ƙofar gida, ya ja masa kunne, ya gutsura masa tsire daga bakin takarda. Mutane suna ganin haka su ce, "Kai, Hedimasta ya san kara." Ni da ake karar a kaina ba wanda ya taɓa tambayata.

Amma fa Baba mutum ne, kada kishina ya rufe muku shi. Dogo ne siriri, jan biro kullum a bayan kunne, har masallaci yake mantawa ya shiga da shi. Kekensa ya fi wasu malamansa tsufa, ba ya kuma yarda kowa ya hura masa taya. Rediyo yake ratayawa a ƙusa ya yi ta musu da mai karanta labarai. Ban taɓa ganin ya daki yaro don ya kasa lissafi ba. Zai dubi allon, ya dubi yaron, ya ce, "Zauna ka sake." Manyan mutane a zaman makoki sun yi ta maimaita wannan kalma suna dariya da hawaye.

Ɗan tsohuwar nan ta Zugu, na san labarinsa don a gabana aka yi. Ubansa ya cire shi daga aji biyar ya ba da shi kiwo. Gulbi ya kawo, ba mai haye shi sai masu kwale-kwale da 'yan ganganci. Baba ya tuɓe riga ya naɗe, ya ɗora kekensa a ka, ya shiga ruwa har ƙirji. Ya kwana a ƙauyen yana lallashi, washegari ya dawo da yaron, shi kuma Baba ya kwaso ciwon kunne da ya bi shi har tsufa. Inna ta yi ta faɗa, shi kuwa cewa ya yi yaron ya fi kowa a ajin iya lissafin rabawa.

Kullum bayan la'asar zaurenmu cika yake da yaran unguwa, yana koya musu lissafi kyauta. Likita a damansa yake zama, gwiwa da gwiwa. Ni fa? Ina uba zai zaunar da ɗan farinsa a gabansa yana kama masa hannu, mutane na wucewa suna gani? Aikina in cika musu randa, in share allo, in an gama in naɗe tabarma. In na tsaya ina leƙen abin da yake rubutawa sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Kai wanga, je ka duba akuya." Ka ji fa. Mutumin da ya koya wa rabin Gummi lissafi, ɗansa ne ya tashi ba ya iya shi.

Muka gama sakandare tare, lokacin jiharmu tana sabuwa, kowane gida yana ganin ɗansa zai zama wani. Da sakamako ya fito, nawa ya zo da tudu da kwari. Bayoloji da kemistiri na ɗauki makin da ba wanda ya taɓa ɗauka a makarantarmu, fizis ya yi kyau, Turanci na haye da ƙyar, lissafi kuwa na faɗi warwas. Sai da na sake zama kafin na samo kiredit mai rauni. Na Likita ya zo a shimfiɗe, kiredit a komai, zama ɗaya, amma babu inda ya yi fice. A jarrabawar shiga jami'a na wuce shi da tazara mai kyau, shi kuwa ya gaza kaɗan ga makin da ake yankewa. Dukanmu likitanci muka nema, a babbar jami'ar da kowane yaro a ƙasarmu yake kwana da ita a rai. Su kuma a wannan sashe ba sa son sakamakon da aka haɗa daga zama biyu, ba sa kuma son maki ya gaza. Kowannenmu dai yana bukatar wanda zai buɗe baki dominsa.

Baba yana da wani tsohon ɗalibi, ɗan Anka, da ya yi shekaru yana karatu a ƙasar waje, ya dawo ya zama babba a sashen. Baba bai taɓa roƙon kowa komai ba, amma ya sa aka wanke masa farar rigarsa ta Juma'a, ya ce mu shirya. A mota shi da Likita suka zauna gaba, ni a baya tsakanin buhunan gero da wata mata mai kaji. Ban damu ba. Ce wa kaina nake yi, duk wannan tafiya ai saboda ni ce, kunya ce kawai ta hana shi nunawa.

Mutumin ya karɓe mu da mutunci. Yana ganin Baba ya taso daga kujera ya durƙusa, ma'aikatansa suna kallo. Aka kawo lemo. Ya karɓi takardunmu ya jera su a tebur, ya daɗe yana dubawa, sannan ya cire tabarau.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba. Mutum ɗaya zan iya tsayawa a kansa a kwamiti. In na kai biyu, duka za a watsar."

Ya ɗaga tawa takardar. "Wannan kan likita ne, in ban da lissafin nan. Amma zan iya cewa ya gyara a zama na biyu, kuma makinsa na shiga ya isa." Ya ɗaga ta Likita. "Wannan kuma ba shi da rami ko ɗaya, makin ne ya gaza kaɗan. Shi ma ana iya magana. Malam, kai za ka faɗa mini."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na tabbata zai zo, ko da a nannaɗe ne.

Baba ya dubi ƙasa. Ya ce, "Wancan? Wancan ba shi da natsuwa. Ka dai ga lissahin nai. Ni da ni ka koyar da lissahi, dubi abin da yak kawo min gida." Sai ya ɗora hannu a kafaɗar Likita, ya kira sunansa cikakke. "Wanga kau maraya na. Tun da yaz zo hannuna ban taɓa ganin ya bar aiki rabi ba."

Mutumin ya tsaya da biro a hannu yana kallon Baba, kamar mai jiran a ƙara wani abu. Ya dube ni, ya sake duban Baba. Baba ya laluba aljihu ya fito da goro, ya ɓare, ya miƙa masa rabi.

"To, Malam, yadda ka ce."

Shi ke nan fa. Lemon da aka ba ni ko rabi ban sha ba. A hanyar dawowa, da muka tsaya salla, Likita ya biyo ni wurin alwala idonsa ja wur, ya ce, "Yaya, wallahi ban so haka ba." Na ce, "Yi min shiru." Ya yi shiru kuwa. Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan tun muna yara, ba ya ba ka abin da za ka riƙe ka tsane shi da hujja.

Rigimar da ta biyo baya ita ce kaɗai na taɓa ji tsakanin Baba da Inna. Ita ma fa ba ta kiran sunana, ita ma ba ta yabona, amma ranar kunya ta gaza ta. Ina bayan danga ina wanki da hantsi na ji muryarta.

"Ka tahi da ɗiya biyu, ka dawo da guda."

"Mi kika so in yi? In buɗe baki in yabi nawa gaban maraya? Mutumin ga ɗan Anka na, ya san yadda a ka magana. In uba ya kushe ɗan nai, ai an san abin da shika nuhi. Shi ya kamata shi gane shi musa min."

"Shekara nawa shina cikin Turawa? Ka ba shi magana a ƙunshe, shi kau ya saba da buɗaɗɗa. Kai kac ce yaron ba shi da natsuwa, shi kau ya yarda da malamin nai. Laihin wa?"

"Abin da Allah ya rubuta..."

"Kada ka jawo min Allah cikin wagga magana! Allah ya ba ka baki."

Ta yi kwanaki ba ta kai masa tuwo da hannunta ba, ƙanwata take aikawa. Ni kuwa daga bayan dangar nan na tashi da tambayar da ta zauna mini shekara da shekaru. In abin da ya gaya wa Inna gaskiya ne, to don ni ya je, kunya ta ci amanarsa. In kuwa don ya kwantar da ita ya faɗa, to ya auna mu ne a ofishin nan, ya zaɓa, kuma ba ni ya zaɓa ba. Gurbin ya wuce, na sani. Amsar nake so.

Da shekara ta zagayo na tura Kawu, yayan Inna, ya roƙe shi ya sake komawa. Baba ya ce, "Na je, an yi min mutunci. Ba ni komawa in tsuhe a ƙohwar ɗalibina." Na nema da kaina ban samu ba, na sake nema ban samu ba. Ƙarshe na shiga makarantar koyon aikin lafiya, na fito mai gwajin jini, aka tura ni Bukkuyum. Aiki ne mai kyau, ina ci da iyalina a cikinsa, ban raina ba. Sai dai likita ne ke rubutawa, ni ina ɗiba.

Likita kuwa ya gama, ya dawo da abin sauraron ƙirji a wuya, garin ya ɗauka. Baba ba ya gama zance a majalisa bai ce "ɗana Likita" ba. In wani ya yi tari sai ya ce bari ɗansa ya zo hutu. A hankali har sunan Hedimasta ya fara ɓacewa, yara masu tasowa Uban Likita suka san shi. Shi kuma Likita, don ya ƙara mini, kowace salla sai ya aiko wa 'ya'yana da kaya, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni a gaban mutane. Matata ta ce in gode wa Allah da ɗan'uwa irin wannan. Na ce na gode, ta bar ni in ji abin da nake ji.

Abu ɗaya zan faɗa don kada in zalunci mamaci. Wata rana ina wurin aiki a Bukkuyum sai ga Baba a layin masu gwaji, ya sha hanya, alhali ga asibiti a Gummi kusa da gida. Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi da ƙarfi ba. Ya zauna ya naɗe hannun riga ya miƙo, fuskarsa a bango. Na ɗaure, na nemi jijiya, na ɗiba. Da ya tashi sai ya dubi abokin aikina, ba ni ba, ya ce, "Wanga hannu nai ba zahi." Ya fita. Na shiga bayan labule na daɗe ban fito ba. Ka ga rabona ke nan daga bakin Baba, shi ma ta hannun wani ya biyo.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ni na ɗauki hutu na dawo gida. Ni ke juya shi, ni ke yi masa aski, ni ke fita da tasa. Likita yana can birni da marasa lafiyarsa, sai dai ya bugo waya, don lokacin wayar hannu ta iso mana. In aka ce shi ne, Baba da ba ya iya ɗaga kofi sai ya kama wayar da hannu biyu, fuskarsa ta washe. In sun gama ya miƙo mini ya ce, "Kai wanga, ji abin da Likita zai hwaɗa maka." Ni kuwa in karɓa in ce to, to, a kan abin da na riga na yi tun safe.

Ranar Talata bayan la'asar aka yi ruwa, masu dubiya suka ɗauke ƙafa, Inna tana madafa. Daga ni sai shi. Na ga yadda numfashinsa ya koma, aikina ne, na san ba sauran kwanaki. Na zauna a bakin gadon, wurin da ban taɓa zama ba.

"Baba."

"Na'am."

"Ranar da munka je jami'a. Don wa ka tahi?"

Bai yi kamar bai gane ba, wannan na ba shi. Ruwa yana zuba daga indararo cikin bokiti.

"Yanzu da bakina kaka so in hwaɗi?"

"I, Baba. Da bakinka."

Leɓensa ya motsa. Na matso da kunnena har ina jin zafin numfashinsa. Ya laluba ya kama wuyan hannuna, ya matse da ƙarfin da ban san ya rage masa ba.

"Ba ni iyawa," ya ce. Ya juyar da fuska bango, amma bai saki hannun ba sai da aka kira magariba.

Na gaya wa Inna bayan kwana biyu. Ta ce, "To mi kaka nema kuma? Ai ya hwaɗa maka." Wataƙila. Amma Likita an faɗa masa nasa a kasuwa, a masallaci, a gaban babban mutum a ofis, da rana tsaka. Ni nawa a ɗaki ne, ba shaida, kuma ko shi sai na zauna na fassara wa kaina.

Ranar Larabar kuwa, da aka fito da shi aka yi salla, liman ya juyo ya ce duk wanda marigayi ya taɓa saɓa wa ya yafe masa don Allah. Jama'a suka amsa. Na amsa da ƙarfi har na kusa da ni ya waiwayo, kuma har zuciyata na yafe, don ba zan so a tsare Baba a kan maganata ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa kabarinsa, Ya saka masa da kowane yaro da ya zaunar ya ce ya sake, Ya sa gulbin da ya haye don ɗan wani ya zama sanyi a gare shi.

Sai aka ɗaga makara. Likita ya iso da safen nan, mutane suna ta buɗa masa hanya, har ya kai gaba ya sa hannu a wajen kai. Ban san lokacin da na isa ba. Na sa kafaɗa na ture shi, ba a hankali ba. Ya dube ni, ya koma baya. A al'ada karɓa-karɓa ake yi, kowa ya ɗan ɗauka ya samu lada ya ba wani. Mutane suka yi ta taɓa ni a baya, wani ya ce, "Malam, a taimaka muna mu ma." Kafaɗata ta mutu, ƙafata tana zamewa a taɓo. Har bakin kabari ban ba kowa wurin ba.